Labarin Ɗan Gudun Hijira: Alƙalamin Mai Zane Ya Fi Kyamara Rufin Asiri

Kwanakin baya, a wani zama da malamai suka yi domin tantance littattafan da za a zuba a ɗakin karatu na ɗalibai, na ga wani dattijon malami ya ɗauki littafin nan mai suna When Stars Are Scattered, ya buɗe shi, ya tarar zane-zane ne masu launi da maganganu a cikin 'yan da'irori, sai ya ture shi gefe yana cewa: "Yanzu har masifar yaƙi ma an mayar da ita katun? Wannan ai izgili ne ga bayin Allah." Mutane da dama a wurin suka gyaɗa kai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai wannan lokacin akwai wani bidiyo da yake yawo a WhatsApp, wanda aka jera matan wani sansani a cikin rana, kowacce da ɗan buhun shinkafa a ka, ana haska fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ana sa su yi wa mai bayarwa godiya da addu'a. Wata daga cikinsu tana ta jan gefen hijabinta tana rufe baki, mai ɗaukar hoton kuma yana ƙara matsowa. Duk wanda yake wurin zaman nan ya ga bidiyon, amma ban ji wanda ya kira shi izgili ba.

Ra'ayina shi ne, labari cikin zane yana daga cikin hanyoyi mafi mutunci da ake da su na ba da labarin wanda yaƙi ya raba da gidansa, kuma ya cancanci a karanta shi a makarantu da gidaje, har a fara rubuta irinsa a harsunanmu. Sai dai ina da sharaɗi babba a kan wanda ya kamata ya riƙe alƙalamin, kuma zan zo kansa.

Cewa zane wasan yara ne

Wannan ita ce hujjar da aka fi saurin kawowa, ita ce kuma mafi rauni. Wanda ya ture littafin nan da ya daure ya karanta, da ya tarar da labarin gaskiya na Omar Mohamed, wanda ya tsere daga yaƙin basasar Somaliya yana ɗan shekara huɗu tare da ƙanensa Hassan, bayan an kashe mahaifinsu kuma sun rabu da mahaifiyarsu a hanya. Sun shafe kimanin shekara 15 a sansanin Dadaab na ƙasar Kenya, a hannun wata mata mai suna Fatuma wadda ba ita ta haife su ba. Omar ne ya ba da labarinsa, Victoria Jamieson ta zana, aka buga littafin a 2020.

Babban abin da ke cikin littafin shi ne jira. Jiran layin ruwa da jarka, jiran ranar rabon abinci bayan wanda aka karɓa ya ƙare, jiran ganin sunanka a takardar da Majalisar Ɗinkin Duniya take liƙawa ta waɗanda za a yi wa tambayoyi, sannan jiran amsar da takan ɗauki shekaru ba ta zo ba. Labarin jarida yakan gama da wannan duka a layi ɗaya, ya ce mutum ya yi shekara kaza a sansani. Mai zane kuwa yana da damar sa ka zauna a cikin jiran, ya nuna maka yaro a gaban allon sanarwa, a shafi na gaba ya ƙara tsayi, rigarsa ta yi masa kaɗan, allon kuma yana nan yadda yake. Ban san wata hanyar rubutu da take isar da gajiyar zaman sansani da saurin da wannan take yi ba.

Kuma duniyar adabi ta daɗe da wuce wannan muhawara. Tun a 1992 aka ba Art Spiegelman lambar yabo ta Pulitzer saboda littafinsa Maus, wanda ya zana labarin mahaifinsa da ya tsira daga sansanin Auschwitz na 'yan Nazi. Marjane Satrapi ta zana ƙuruciyarta a lokacin juyin juya halin Iran na 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi, har zuwa ranar da iyayenta suka tura ta Ostiriya tana 'yar shekara 14. Babu mai hankalin da ya karanta waɗannan ya ce ya yi nishaɗin katun.

Cewa gani ya kori ji

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa hoto shaida ne, zane kuwa ƙirƙira ce ta mai zane, yana iya ƙarawa ko ragewa yadda ya ga dama. Sukan kawo misalin hoton gawar Alan Kurdi, ƙaramin yaron nan ɗan Siriya da teku ta turo bakin gaɓa kusa da Bodrum a Turkiyya a watan Satumba na 2015, wanda ya girgiza duniya a cikin kwana ɗaya. Ban musa ƙarfin wannan hoto ba.

To amma a yi la'akari da lokacin da kyamara take isowa. Ba ta nan a daren da aka shigo gari da harbi, ba ta nan lokacin da uwa ta tsaya a bakin kogi tana shawarar wane ɗa za ta fara tsallakarwa, ba ta nan a kwanakin da aka yi ana tafiya a daji ana cin ganye. Takan iso ne bayan an gama, ta tarar da mutane a zube a ƙarƙashin tanti, shi ya sa hotunan 'yan gudun hijira na ko'ina a duniya suke kama da juna. Abin da ya faru kafin nan yana cikin kan waɗanda suka gani, kuma hanyar fito da shi a ido ita ce zane.

Darfur ta tabbatar da wannan. A 2005, masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch da suka je sansanonin da ke kan iyakar Chadi da Sudan sun ba yara takarda da fensir mai launi domin su sami abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba tare da an umarce su ba, yaran suka zana jiragen sama suna sakin bama-bamai, da mahara a kan dawakai da raƙuma, da bukkoki suna ci da wuta, da mutane suna gudu. A 2007 wata ƙungiya mai suna Waging Peace ta tattara irin waɗannan zane-zane kimanin 500 a gabashin Chadi, kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta karɓe su a matsayin bayanan da ke haskaka yanayin da abubuwan suka faru. Hukumomin Khartoum sun iya hana 'yan jarida shiga ƙauyukan, amma yaran da aka kora daga cikinsu sun fito da abin da idonsu ya gani.

Batun ƙari da ragi kuwa ya danganta ne ga amanar mai aikin, kamar yadda yake a aikin jarida. Joe Sacco, a littafinsa Footnotes in Gaza na 2009, ya bi tsofaffi gida-gida yana tambayarsu kisan da aka yi a Khan Yunis da Rafah a 1956, inda rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ambaci mutum 275 da kuma 111. A wuraren da shaidu suka saɓa wa juna bai ɓoye ba, ya nuna saɓanin a shafin, ya bar mai karatu ya auna. Hoto ma ai ana yi masa kwaskwarima, ana kuma ɗauko na wata ƙasa a liƙa wa wata, kamar yadda muke gani kullum a Facebook duk lokacin da wani rikici ya ɓarke.

Akwai kuma abin da zane yake yi wanda ni a wurina ya fi komai muhimmanci, wato rufin asiri. Matar da aka yi wa fyaɗe a hanyar gudu, ko saurayin da aka tilasta wa ɗaukar bindiga kafin ya tsere, ba za su iya tsayawa gaban kyamara ba, domin gobe za su koma cikin mutanen da suka san su, wataƙila ma kusa da waɗanda suka zalunce su. Zane yana yi wa irin wannan mai labari abin da mayafi yake yi wa mace a kasuwa: tana nan, ana jin muryarta, tana faɗin abin da ya kawo ta, amma ita ce mai iko da abin da za a gani. Ana iya sauya suna, a sauya kama, a sauya sunan ƙauye, gaskiyar abin da ya faru kuma ta tsaya da ƙafarta.

Cewa bai dace yara su ga yaƙi ba

Iyayen da suke wannan magana suna da uzuri, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake yin ta ba. A Janairun 2022, hukumar makarantu ta gundumar McMinn a jihar Tennessee ta Amurka ta cire Maus daga manhajar ɗalibai bisa hujjar wasu kalmomi marasa daɗi da wani zane na tsiraici. Na yarda cewa kowane littafi yana da shekarun da suka dace da shi, kuma ba zan miƙa wa ɗan firamare littafin Sacco ba.

Amma a tuna cewa, bisa alƙaluman Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen da aka raba da muhallinsu ala tilas sun haura miliyan 120 a 2024, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne. Yaron da muke son karewa daga labarin yaƙi, a Maiduguri ko Yola ko Diffa ko Maraɗi, yana zaune a benci ɗaya da yaron da ya tsallake gawa kafin ya iso wannan ajin. Yana ganin shi ba ya son magana, yana firgita idan aka buga ƙofa da ƙarfi, ya girmi 'yan ajin da shekara uku, kuma tunda babu wanda ya yi masa bayani, abin da zai biyo baya shi ne tsokana da laƙabi. Littafin da aka tsara daidai da hankalin yaro yana ba malami hanyar buɗe wannan magana ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba.

Su kansu yaran namu, wayar da ke hannun yayyensu tana nuna musu gawarwaki ba tare da tacewa ko bayani ba. Idan ana neman abin da za a hana, daga can ya kamata a fara.

Batun addini

Ba zan tsallake wannan ba, domin da yawa daga cikin masu ƙyamar irin waɗannan littattafai dalilinsu ke nan, ko da ba su furta ba. Hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malamai, sun yi bayani a kanta kuma sun saɓa a wasu rassanta, musamman abin da ya shafi koyarwa da surar da ba ta cika ba. Abin da nake gani da idona shi ne littattafan firamare na 'ya'yanmu cike suke da zanen mutane, haka allunan faɗakarwa na rigakafi da ke bangon kowane asibiti.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuma yana da mafita a cikin fasahar kanta. Naji al-Ali, Bafalasɗinen da aka kora daga ƙauyensu a 1948 ya tashi a sansanin Ainul Hilwa na Labanon, ya ƙirƙiro yaron nan Handala a 1969, ɗan shekara goma, mara takalmi, wanda duniya ta san shi da juya baya da hannuwa a goye. An harbe mai zanen a Landan a 1987, yaron kuwa har yau yana kan bangaye ba tare da an ga fuskarsa ba. Haka Nizar Ali Badr na Siriya, wanda yake jera tsakuwoyin bakin teku su ba da siffar iyali suna tafe da kaya a ka, har aka yi littafin yara da aikinsa a 2016 cikin Larabci da Turanci. Babu ido babu hanci a tsakuwar, amma duk wanda ya kalla ya san wace ce uwa, ya kuma san ta gaji.

Inda masu suka suke da gaskiya

Yanzu ga sharaɗin da na ambata. Yawancin littattafan nan a Turai da Amurka ake buga su, domin masu karatu na can, kuma kasuwa tana da irin labarin da take so. Tana son labarin da zai fara da harbi, ya bi ta sahara ko teku, ya ƙare a filin jirgin sama na wata ƙasar Yamma, inda mai karatu zai rufe littafi yana jin cewa ƙasarsa ce mafita. Littafin Illegal na 2017, alal misali, ya bi wani yaro ɗan Afirka ta Yamma ta Agadas zuwa Tarabulus har cikin Bahar Rum, kuma aiki ne mai kyau, amma marubutansa biyu daga Ayalan da Ingila suke, mai zanen kuma daga Italiya. Ko labarin Omar na Dadaab, da yake shi ya ba da shi da bakinsa, ya kai ga bugawa ne saboda yana cikin 'yan ƙalilan da suka sami tafiya Amurka.

Alhali waɗanda ake sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na 'yan gudun hijira ba a shekara, kuma kimanin kashi biyu bisa uku suna zaune ne a ƙasashen da ke maƙwabtaka da tasu. Mutanen Sudan da suka tsere tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwansu a Adre da kewayenta suke a gabashin Chadi. Mutanen Gwoza da Banki da suka tsallaka Kamaru, sansanin Minawao suka tarar, wanda aka buɗe a 2013. Na Damasak sun haye kogin Komadugu zuwa jihar Diffa a ƙarshen 2014, na Baga sun faɗa tafkin Chadi a cikin kwale-kwale a Janairun 2015. Waɗannan ba su ga filin jirgi ba, kuma labarinsu ba shi da irin ƙarshen da kamfanonin ɗab'i na waje suke nema.

Akwai ma wani ɓangare da littattafan waje kusan ba sa taɓawa, wato mai masauki. A lokacin da rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, akasarin waɗanda suka shigo Maiduguri ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki da ma waɗanda ba su taɓa sani ba suka sauka. Magidancin da ya kwashe 'ya'yansa maza ya mayar da su zaure domin baƙi su sami ɗaki, da matar gidan da ta koma dafa tukunya biyu da cefanen tukunya ɗaya, da zaman haƙuri da 'yan saɓanin da ke biyo baya idan wata shida ya zama shekara uku, duk wannan labari ne da ya cancanci shafuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma baƙon da ya zo da tafinta na mako biyu ba zai kai ga wannan zurfin ba, komai kyawun niyyarsa.

Saboda haka idan aka ce wasu suna cin abinci da hawayen wasu, ban ce ƙarya ba ne. Maganin abin dai shi ne a sauya hannun da ke riƙe da alƙalamin, a bar zanen ya ci gaba.

Ko za mu iya?

Za a ce wanda bai ci abinci ba ina ruwansa da littafi, kuma buga littafi mai launi yana da tsada. Maganar farko gaskiya ce a makon farko na gudu, amma mutumin da ya shekara goma a sansani yana da 'ya'yan da aka haifa a can, waɗanda ba su san kamannin garinsu ba sai abin da aka faɗa musu. Game da tsada kuwa, Maus da littafin Satrapi duk da baƙin tawada aka zana su a kan farar takarda, kuma Spiegelman ya riƙa fitar da nasa ne babi-babi a wata mujalla tun daga 1980 kafin ya kammala a 1991. Marubutanmu na Hausa da suke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu suna biya ta waya, sun riga sun san wannan hanya fiye da kowa.

Masu zane ma ba mu rasa su ba. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya daɗe da yin suna a faɗin Afirka, kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai a wannan fanni kowace shekara, ga kuma masu zanen jikin manyan motoci da allunan shaguna waɗanda hannunsu ya faɗa. Abin da ya rage shi ne a haɗa marubuci da mai zane da mai labari a tabarma ɗaya, a yi aikin da Hausa da Kanuri da Fulatanci, har da ajami domin waɗanda da shi suke karatu. Zane yana da wata fa'ida a nan, domin tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta iya bin labarin da ido, ta kuma ce wa mai zanen ya yi kuskure, rumbunsu ba haka yake ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin cikin Maiduguri, mutane sun watsu, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun nausa wasu jihohi, tsofaffin da suka riƙe bayanin yadda aka fito suna ta rasuwa. Wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya fara tattara labaran tun yanzu, bisa ƙa'idojin da ba za a sassauta ba: a nemi izinin mai labari da harshen da yake ji, a sa sunansa a bangon littafi idan yana so, a ɓoye idan ba ya so, a yanka masa kasonsa na kuɗin da aka samu a rubuce. Kafin a kai aikin maɗaba'a kuma a koma wurinsa da shafukan, a nuna masa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ce a cire, a cire shi ko da shi ne shafin da mai zanen ya fi alfahari da shi.